Sinadarin Liƙi da Rigar Tutiya: Waiwaye Kan Ƙarafan da Suka Gina Abuja

Ƙarfe ba ya jimirin ruwa da iska. Da zarar danshi ya zauna masa, sai tsatsa ta fara cin sa daga waje zuwa ciki har ya rarake. Hanyar da ta fi yaɗuwa wajen kare shi ita ce a tsoma shi cikin narkakkiyar tutiya, ya fito sanye da siririyar riga mai ruwan toka. Da irin wannan ƙarfe ake yin kwanon rufi da bututun ruwa da turakun fitilun titi da shingayen gefen manyan hanyoyi, har da dogayen hasumiyoyin da ke ɗauke da wayoyin lantarki. Sai dai tutiya ba ta kama ƙarfe haka siddan. Akwai wani sinadari da ake jiƙa ƙarfen da shi kafin a tsoma, wanda aikinsa ke ƙarewa cikin 'yan daƙiƙoƙi, ya narke, ya tashi da hayaƙi. A masana'antu ana ce masa fulaks, wato sinadarin liƙi. Ingancin wannan mataki shi ke nuna ko rigar za ta haura shekara 40 a jikin ƙarfe, ko kuwa za ta fara ɓarewa tun a damina ta biyu.

Aikin da sinadarin ke yi

Ƙarfen da ya shigo masana'antar shafa tutiya yakan zo da maiƙo da ƙura da tsatsa, da kuma baƙin ɓawon da ya ɗauko daga injin murza ƙarfe. Ana fara wanke shi a komin ruwan soda mai zafi don cire maiƙo, a ɗauraye, sannan a saka shi a komin asid, galibi haidirokulorik, wanda ke cinye tsatsar da ɓawon. Idan ya fito daga nan fes yake, amma tsabtar ba ta daɗewa. Ƙarfen da aka tsiraita yana haɗuwa da iskar oksijin nan take, kuma cikin ɗan lokaci wata siririyar tsatsa da ido ba ya gani takan sake rufe shi. Idan aka tsoma shi a haka, tutiya za ta guje masa kamar yadda ruwa ke gudu daga jikin akushin da ya sha mai.

A nan sinadarin liƙi ke shigowa. Wanda aka fi amfani da shi haɗin gishiri biyu ne, kuloraid na tutiya da kuloraid na amoniyam. Yana share ragowar tsatsar da ta tsira daga asid, yana kuma rufe ƙarfen don kada iska ta sake taɓa shi kafin ya isa kaskon narkakkiyar tutiya. Tutiya na narkewa a kusan digiri 420 na ma'aunin Salshiyos, kaskon masana'anta kuma ana riƙe shi a wajen digiri 450. Da ƙarfen ya shiga wannan zafi, kuloraid na amoniyam ya wargaje ya saki iskar amoniya da ta asid, su yi wankin ƙarshe a daidai lokacin da ake buƙatarsa, shi kuwa kuloraid na tutiya ya narke ya share hanya. Sai narkakkiyar tutiya ta kwanta a kan tsirarar fuskar ƙarfen, su ci juna, su samar da hawa-hawan gauraye waɗanda na can ciki suka fi yawan ƙarfe, na waje kuma tutiya zalla. Wannan cin juna shi ya bambanta rigar tutiya da fenti, domin ta zama ɓangare na jikin ƙarfen. Ko an ƙarce ta, tutiyar da ke kewaye da wurin takan riƙa narkewa a madadin ƙarfen, ta hana tsatsa yaɗuwa.

Daga maƙera zuwa masana'anta

Kuloraid na amoniyam ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shi ne farin gishirin da maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla, suka daɗe suna kira sinadari, sunan da ya samo asali daga Larabci, tun kafin a faɗaɗa kalmar ta game duk wani haɗin kimiyya. Maƙeri kan goga shi a bakin abin da zai liƙe, ya kanga a wuta, sai narkakken liƙin ya bi wurin ya kama. Masu gyaran lagireton mota da masu ƙera fitila da mazurari daga gwangwani su ma suna da nasu ruwan liƙi, wanda ake samu ta hanyar jefa guntayen tutiya cikin asid na haidirokulorik har ya daina tafasa. Abin da ke saura a kwalbar shi ne kuloraid na tutiya. Ashe gishirin nan biyu da manyan masana'antu ke haɗawa, kowannensu ya riga ya zauna a hannun masu sana'ar hannu.

Ɗaukar wannan ilimi a kai shi ga rufe ƙarfe gaba ɗaya ya faru ne a Turai. A shekarar 1742 wani masanin kimiyya ɗan Faransa, Paul Jacques Malouin, ya bayyana wa majalisar masana ta ƙasarsa yadda ake rufe ƙarfe ta hanyar tsoma shi a narkakkiyar tutiya. Dabarar ta jima ba ta zama sana'a ba. Sai a 1837 injiniya Stanislas Sorel, shi ma ɗan Faransa, ya yi rajistar hanyar da ta haɗa wanke ƙarfe da asid da kuma amfani da kuloraid na amoniyam kafin tsomawa. Kafin nan, a 1829, Henry Robinson Palmer ya yi rajistar kwano mai tudu da kwari a Landan. Da dabarun biyu suka haɗu aka sami kwanon rufi mara nauyi, mai sauƙin jerawa a cikin jirgin ruwa, wanda ba ya saurin tsatsa. Zuwa 1850 masana'antun Ingila na cinye kusan tan 10,000 na tutiya a shekara a wannan aiki kaɗai.

Kwanon ya shigo Arewacin Najeriya da yawa bayan layin dogo ya isa Kano a 1911. Ofisoshin gwamnati da tashoshin jirgi da kantunan kamfanoni ne suka fara sa shi, daga baya kuɗin gyaɗa da auduga suka kai shi gidajen attajirai. Rufin kwano ya zama alamar samu a garuruwan da aka saba da soro da jinka, har ya bar suna a ƙasa: mazaunin dindindin na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna yana wani wuri ne da ake kira Gidan Kwano.

Jiƙaƙƙiyar hanya da busasshiya

Tsohuwar hanyar amfani da sinadarin ita ce a zuba shi kai tsaye a kan narkakkiyar tutiya, ya narke ya yi baƙin kumfa mai kauri a wani sashe na kaskon. Ana ƙara masa gilisarin ko kitse don kumfar ta tashi ta daɗe. Ƙarfen da aka fitar daga asid yakan ratsa wannan kumfa ya nutse cikin tutiya, a fitar da shi ta ɗaya sashen da aka share. Hanyar ta dace da ƙananan kaya irin su bokiti da baho da ƙusoshi, kuma tana yafe wa ma'aikaci idan wankin farko bai cika ba, saboda kumfar na da ƙarfin ci. Illarta ita ce hayaƙi mara yankewa, da ɓarnar sinadari, da guntayen kumfar da ke maƙalewa a jikin kaya su zama baƙaƙen tabo, waɗanda ke jan danshi su haifar da tsatsa daga baya.

A hankali masana'antu suka koma busasshiyar hanya. A nan ana narkar da gishirin biyu a cikin komin ruwa mai ɗumi, a tsoma ƙarfen na 'yan mintuna, a ɗaga shi ya tsane, sannan a busar da shi da iska mai zafi har sinadarin ya zama siririn farin ɓawo a jikinsa. Busarwar ba abin wasa ba ce. Ɗigon ruwa ɗaya da ya ɓuya a lungu, idan ya shiga kasko mai digiri 450, yakan zama tururi nan take ya watso narkakkiyar tutiya a kan mutane. Saboda haka ne ake huda ramukan shan iska a jikin duk wani bututu ko turke mai rami kafin a tsoma shi. Waɗannan ramuka su ne ake gani a gindi da kan turakun fitilun titi.

Busasshiyar hanya ta zo da nata sharaɗi, wato kula da komin sinadarin kullum. Duk ƙarfen da aka tsoma yakan bar ɗan narkakken ƙarfe a ruwan, musamman idan ɗaurayar bayan asid ba ta yi kyau ba. Idan wannan ya taru, yakan bi kaya zuwa kasko, ya haɗu da tutiya ya zama wani dunƙule mai nauyi da ke kwanciya a gindi. Kowane kilo 1 na ƙarfen da ya shiga haka yakan ɗaure kusan kilo 25 na tutiya, alhali tutiya ita ce mafi tsada a duk aikin. Masana'antun da suka san ciwon kansu suna auna tsamin ruwan da kaurinsa da yawan ƙarfen da ke ciki, suna kuma tace shi: a zuba haidirojin feroksaid da ruwan amoniya, ƙarfen ya kwanta ya zama jar laka, a matse ta a fitar, ruwan ya koma aiki. Inda aka yi sakaci da wannan, sakamakon na fitowa a jikin kaya: wuraren da tutiya ta tsallake, da ƙuraje, da riga mai ɓarewa.

Lokacin da aka koyi aiki ba tare da shi ba

Babban sauyi ya zo ne ta hannun injiniya Tadeusz Sendzimir ɗan ƙasar Foland, a farkon shekarun 1930. Ya ƙirƙiro hanyar da doguwar fallen ƙarfe ke warwarowa daga naɗi, ta ratsa tanderu mai cike da iskar haidirojin da naitirojin, inda zafi da iskar ke cire tsatsa, sannan ta gangara cikin tutiya ta wani rufaffen bututu ba tare da ta shaƙi iskar waje ba. Tunda tsatsa ba ta sami damar dawowa ba, buƙatar sinadarin liƙi ta kau. Hanyar ta isa Amurka a 1936, daga nan ta bazu. A yau mafi yawan fallen da ake yin kwanon rufi da jikin mota da shi ta nan yake fitowa, ko da yake wasu ƙananan layukan har yanzu da sinadari suke aiki.

Rabuwa da sinadarin ya buɗe ƙofa ga alminiyam. Alminiyam da kuloraid na amoniyam ba sa shiri. Idan alminiyam ya yi yawa a kasko yakan kashe ƙarfin sinadarin, kaya su fito da tabo. A layin da babu sinadari kuwa ana iya zuba shi yadda ake so. A 1972 kamfanin Bethlehem Steel na Amurka ya fitar da rigar da ta ƙunshi kashi 55 cikin 100 na alminiyam, da kusan kashi 43 na tutiya, da ɗan silikon. Ita ce ake sayarwa a kasuwannin Najeriya da sunan aluzink. An kuma rage dalmar da ake zubawa a kasko saboda illarta ga lafiya. Dalmar ce ke taimakawa wajen fitar da manyan zanen furanni masu ƙyalli da ake gani a jikin tsofaffin bokitai da kwanuka, shi ya sa na yanzu zanensu ya ƙanƙance ko ya ɓace.

Duk da haka sinadarin bai yi ritaya ba. Turken lantarki da ƙarfen gada da shingen hanya da hasumiyar sadarwa ba sa naɗuwa, dole a ƙera su tukuna sannan a tsoma su ɗaya bayan ɗaya ko dami-dami. Duk irin waɗannan manyan kaya har gobe sai sun bi ta komin sinadari.

Abuja da ƙarafanta

Kafin 1976, yankin da ake kira Babban Birnin Tarayya ƙauyuka ne na Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da sauransu, mafi yawan ɗakunansu na ƙasa ne da rufin ciyawa. A ranar 3 ga Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar ƙirƙirar sabon birnin, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. An kammala babban tsarin birnin a 1979, fadar gwamnati kuma ta taso daga Legas a ranar 12 ga Disamban 1991. Ƙidayar 2006 ta sami fiye da mutum miliyan 1.4 a yankin, kuma tun daga lokacin unguwanni irin su Kubwa da Lugbe da Nyanya da Karu da Gwagwalada sai ƙara faɗi suke yi.

Kowane mataki na wannan girma ya zo da nasa ƙarfe mai rigar tutiya. Hasumiyoyin da ke kawo wuta daga madatsar Shiroro zuwa tashar Katampe, da shingaye da turakun fitilun hanyar filin jirgin sama da ta Kubwa, da hasumiyoyin wayar salula da suka fara tsirowa a kan tsaunuka daga 2001, duk irinsa ne. Haka ma tankunan ƙarfe da ke kan dogayen ƙafafu a manyan gidaje. A cikin bango kuwa an sami akasin haka: bututun ruwa na ƙarfe da aka shimfiɗa a gidajen farko na Garki da Wuse sun ba da wuri ga na roba, domin ruwan da ke gudana ciki shekara da shekaru yakan cinye tutiyar, bututu ya toshe da tsatsa.

Yanayin Abuja yana yi wa tutiya sauƙi idan aka kwatanta da Legas ko Fatakwal, inda gishirin teku ke cikin iska. A wuri mai nisa da teku, inda hayaƙin masana'antu bai yi yawa ba, abin da ke zaizayewa daga rigar a shekara ba ya cika wuce maikuron 2, maikuron kuwa kashi 1 ne cikin 1,000 na milimita. Ƙa'idar duniya mai lamba ISO 1461 ta tanadi matsakaicin kaurin maikuron 85 ga ƙarfen da ya haura milimita 6. Lissafin ya nuna cewa turken da aka yi wa aiki bisa ƙa'ida zai iya wuce shekara 40 ba tare da fenti ba. Don haka idan aka ga shinge ko turke ya yi jan tabo cikin 'yan shekaru a birni irin Abuja, da wuya laifin ya zama na ruwan sama. Galibi ko dai rigar ta yi siriri tun farko, ko wanki da sinadarin ba su yi daidai ba, ko kuma an yi walda bayan tsomawa ba a gyara wurin ba.

A kasuwar kayan gini ta Dei-Dei ake ganin yadda sauyin ya shafi mai ƙaramin ƙarfi. Kwano na nan iri-iri, daga farin da ake sayarwa bandir-bandir zuwa dogayen fallaye masu launi da ake yankawa daidai tsawon rufi. Mai saye yakan ɗaga kwano ya ji nauyinsa, ya lanƙwasa gefe ya ga taurinsa, amma hannu ba ya auna kaurin tutiya. Kyakkyawan falle yakan ɗauki giram 275 na tutiya a kowace murabba'in mita, wato kusan maikuron 20 a kowace fuska, mai araha kuwa yana iya zuwa da ƙasa da haka nesa ba kusa ba, kuma ranar saye duka biyun ƙyalli suke yi. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a rufin gida damina ce ke bayyana gaskiyar maganar. Ajiya ma na da tata illa. Idan aka jibge sabon kwano a fili ruwa ya shiga tsakanin fallayen, iska ba ta ratsawa, sai wani farin gari ya fito ya fara cin rigar tun kafin kafinta ya ɗora ta a kan katako.

Hayaƙi, dagwalo da doka

Farin hayaƙin da ke tashi daga kasko lokacin tsomawa yawancinsa ƙurar kuloraid na amoniyam ne, yana harzuƙa ido da maƙogwaro da huhu. A da ana barin sa ya cika rumfar aiki ya fita ta rufi. Yanzu masana'antu na zamani suna rufe kaskon, su zuƙe hayaƙin ta cikin matata, an kuma samar da haɗin da aka maye wani kaso na amoniyam ɗinsa da kuloraid na fotasiyam don rage hayaƙi. Asid ɗin da ya gaji da lakar komin sinadari ba abin zubarwa a kwata ba ne, domin tutiyar da ke ciki guba ce ga kifi. Tokar da ake kwashewa a saman kasko da dunƙulen gindinsa kuwa ana sayar da su, a sake fitar da tutiya ko a yi sabon sinadari da su.

A Abuja waɗanda suka fi shaƙar tutiya su ne masu walda na bakin titi, masu ƙera ƙofofi da ƙafafun tanki. Wutar walda na ƙona rigar ta tashi da farin hayaƙi, wanda ke jawo zazzaɓi da ciwon jiki da ɗanɗanon ƙarfe a baki bayan 'yan sa'o'i. Da yawansu sun yi imani madara na maganin abin, amma kariyar da aka tabbatar ita ce a goge rigar daga wurin da za a yi walda, a yi aiki a sarari, a sa abin rufe hanci da ya dace, sannan a shafe wurin da fenti mai yawan tutiya bayan an gama.

Hukumomin da ke da alhakin sa ido suna da ofisoshinsu a cikin birnin. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ita ke tsara ƙa'idar kwanon rufi, kuma ta sha kama marasa inganci. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ke bin diddigin hayaƙi da dagwalon masana'antu. Amma kaskon da ake yin ainihin aikin yana nesa, galibi a jihohin Legas da Ogun da Kwara, ko a ƙasashen waje, musamman Sin da Indiya. Najeriya na da ma'adinin tutiya da dalma a yankin Abakaliki na jihar Ebonyi da Zurak na jihar Filato, sai dai ɗanyensa ake fitarwa, a sayo tatacciyar tutiya daga waje. Kamfanin ƙarfe na Ajaokuta, wanda aka fara ginawa a ƙarshen shekarun 1970, bai kai ga samar da fallen da ake shafa wa tutiya ba.

Wannan nisa shi ne mafi girman abin da ya sauya. Maƙerin da ke liƙi da sinadari a rumfarsa yana zaune gari ɗaya da mai saye, idan liƙi ya saki a dawo masa da kaya. Turken da aka kafa a Abuja kuwa an tsoma shi a wata jiha ko wata nahiya, a hannun mutanen da mai amfani da shi ba zai taɓa gani ba. Abin da ya rage wa mai gini da injiniyan gwamnati shi ne su rubuta kaurin rigar da suke buƙata a cikin kwangila, su nemi takardar gwaji daga masana'anta, su kuma duba kaya da idonsu kafin su karɓa, su ƙi mai baƙin tabo ko wurin da tutiya ta tsallake. Akwai ƙaramar na'ura mai aiki da maganaɗisu, wadda ake ɗorawa a jikin ƙarfe ta nuna kaurin rigar nan take ba tare da an ƙarce komai ba. Yin amfani da ita a wurin karɓar kayan gwamnati da kuma a kasuwa irin ta Dei-Dei ita ce hanya mafi sauƙi ta rarrabe ƙarfen da aka yi wa aiki bisa ƙa'ida da wanda aka yi wa na ganin ido.